Yadda Ake Shanya Zoɓo da Adana Shi Bayan Girbi: Jagora ga Manoman Jigawa da Kano

A ƙauyukan Maigatari da Gumel da Sule Tankarkar da Ɓaɓura, da kuma arewacin Kano inda ƙasa take da rairayi, yakuwa ta daɗe da wuce matsayin shukar da ake jerawa a kan iyakar gona domin miya kawai. Zoɓon da ake cira daga jikinta ya zama amfanin gona na sayarwa, wanda 'yan kasuwa suke tarawa daga kasuwannin ƙauye su kai Kano, daga nan a gyara shi a tura ƙasashen waje, musamman Meziko wadda ita ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen masu awo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa manoma biyu da suka yi shuka a mako ɗaya, a ƙasa iri ɗaya, da iri ɗaya, suna iya komawa gida da kuɗin da ba su yi kusa da juna ba. Bambancin ba daga gona yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga kwanakin da suke tsakanin cira da ɗinke bakin buhu, kuma abin takaici shi ne waɗannan kwanaki su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali wahalar damina duka a kansu ta rataya.

Abubuwa huɗu mai saye yake dubawa idan ya zura hannu cikin buhu: ko launin yana nan da ƙarfinsa, ko kayan sun bushe har ciki, ko akwai yashi da tsakuwa da kara, sannan ko zoɓon yana nan da girmansa ko ya farfashe ya koma gari. Duk matakan da za su biyo baya domin kare waɗannan abubuwa aka tsara su.

Lokacin cira

Yakuwa tana fara fure ne idan yini ya fara gajarta, wato daga wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ko da an shuka ta da wuri ko an makara. Furen yana buɗewa da safe ya yanƙwane a ranar, bayan ya faɗi kuma sai jan ɓawon da yake ƙarƙashinsa ya fara kumbura yana rufe ƙwallon iri. Wannan jan ɓawo shi ne zoɓo, kuma yakan kai cikar girmansa kimanin mako uku bayan faɗuwar furen. A wannan lokaci yana da kauri, yana sheƙi, kuma idan aka lanƙwasa shi yana karyewa da ƙara. Idan aka cire shi kafin nan ba shi da nauyi, idan kuma aka bar shi har ƙwallon irin ya bushe ya tsage, ɓawon yakan yi tauri, ya kwashi ƙura, launinsa ya fara dusashewa tun yana kan kara.

Da yake shukar daga ƙasa take fara nuna ta haura sama, abin da ya fi dacewa shi ne a bi gonar sau biyu ko uku, ana cire na ƙasa a bar na sama ya ƙarasa. Manoma da yawa ba su samun wannan sarari, domin lokacin ya haɗu da girbin dawa da roron wake da kaɗar riɗi, saboda haka sukan jira su sare karan gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi wannan hanya, to kada ya jibge karan a kan ƙasa. Ya jingina su a tsaye a inuwa, ko ya ɗora su a kan zana, kuma ya sare iya abin da iyalinsa za su iya ɓarewa a yini ɗaya ko biyu.

A fara cira bayan raɓa ta bushe, da hantsi. Zoɓon da aka zuba a buhu da raɓa a jikinsa yakan ɗauki zafi kafin a isa gida, kuma daga nan baƙin tabo yake farawa. Kwando ya fi buhu a wannan aiki saboda iska tana ratsa shi. Haka kuma tun daga gona a raba iri da iri, ja mai duhu daban, ja mai haske daban, fari daban, domin idan suka cakuɗu bayan sun bushe, tsince su aiki ne mai cin rai, kuma mai saye da farashin mafi araha a cikinsu zai yi ciniki.

Ɓarewa

Mataki na biyu shi ne raba ɓawon da ƙwallon iri, kuma ya kamata a yi shi a ranar da aka ciro, in ya daɗe washegari. Akwai masu shanya zoɓo da ƙwallonsa su ce za su ɓare daga baya. Wannan yana ninka kwanakin shanya, domin ƙwallon yana riƙe da ruwa a tsakiya inda iska ba ta kaiwa, kuma idan ɓawon ya riga ya bushe ba ya fita sai a farfashe.

Mafi yawan mata da yara da hannu suke ɓarewa, su tsaga ɓawon ta gefe su zare ƙwallon. Akwai kuma hanyar amfani da ɗan siririn bututun ƙarfe mai kaifin baki wanda ake sokawa ta gindin zoɓon, ya yanke wurin da ƙwallon yake manne ya turo shi waje ta sama, ɓawon ya fita a dunƙule bai tsage ba. Maƙeri zai iya haɗa shi, sai dai a tabbata ƙarfen ba mai tsatsa ba ne. Jikin ƙwallon yana da ƙananan gashi masu sa ƙaiƙayi, ga kuma tsamin zoɓon da yake cin fatar yatsu idan aikin ya yi tsawo, don haka masu ɓarewa su shafa mai a hannu ko su sa safar hannu, kuma a zauna inda iska ba za ta riƙa kaɗo ƙaiƙayin zuwa idanun yara ba. A shimfiɗa tabarma mai tsafta a yi aikin a kanta, a riƙa zuba ɓararren a kwando ko robar da aka wanke, ba a ƙasa ba.

Ba a wanke zoɓon da za a shanya. Ruwa yana fitar da launinsa, yana kuma ƙara masa danshin da ake neman rabuwa da shi. Wanda ya faɗi ƙasa ya ɓaci da laka a ware shi domin amfanin gida.

Shirya wurin shanya

A nan ne aka fi yin asara, don haka ya kamata a shirya wurin tun kafin a fara cira, ba sai kwanduna sun cika tsakar gida a fara neman inda za a baza ba. Wurare uku ne ya wajaba a guje musu. Na farko dandaryar ƙasa, ko da an share ta, domin ɗanyen zoɓo yana da ɗan danƙo kuma rairayi yana shiga lungunansa ya maƙale, idan ya bushe a haka babu tankaɗen da zai fitar da shi duka. Na biyu gefen kwalta, inda hayaƙin mota da ƙura da kashin dabbobi suke sauka a kan abin da mutane za su jiƙa su sha. Na uku rufin kwano, domin tsamin zoɓo yana cin ƙarfe, tsatsa ta ɓata shi, zafin kwanon da tsakar rana kuma ya ƙona gefen da yake kwance a kai ya mayar da shi baƙi.

Abin da ya fi kyau shi ne gadon shanya da aka ɗaga daga ƙasa. A kafa dirkoki masu ƙwari da tsayinsu ya kai ƙugun mutum, wato kimanin mita 1, a gitta sanduna a kansu, a jera karan dawa ko gora, sannan a shimfiɗa tabarmar kaba ko sabon buhun saƙa da aka farke aka wanke. Faɗin gadon kada ya wuce inda hannu zai iya kaiwa tsakiyarsa daga kowane gefe, tsawonsa kuwa ya danganta da yawan kayan. Amfanin ɗagawar shi ne iska tana bi ta ƙarƙashi kamar yadda take bi ta sama, sai bushewar ta zo daidai, kuma kaji da awaki ba su samun hanya cikin sauƙi. A zuba toka a gindin kowace dirka saboda gara da tururuwa.

Sai a lura da inda iska take fitowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, ita ce babbar mai taimakon manomi wajen busarwa, ita ce kuma mai kawo ƙura. Idan aka kafa zana a wannan ɓangaren, da ɗan tazara daga gadon, za ta rage ƙarfin iskar ta tare ƙurar ba tare da ta toshe wurin ba. Kada gadon ya kasance kusa da turken dabbobi, ko murhu, ko inda ake sussuka da shiƙa, domin zoɓo yana ɗaukar warin hayaƙi, ƙaiƙayin gero kuma idan ya shiga cikinsa ba ya fita.

Wanda ba shi da halin kafa gado zai iya amfani da tamfol, amma da sharaɗi. A zaɓi tudu, a share, a fara shimfiɗa zana ko kara a ƙasa sannan a ɗora tamfol a kai, a danne gefunansa da duwatsu. Tamfol ba ya shan ruwa, saboda haka danshin da yake fita daga zoɓon yana taruwa a ƙarƙashinsa, wanda ke nufin juyawa za ta ƙaru. Baƙar leda kuwa ba ta dace ba ko kaɗan, domin dafa zoɓon take yi. Kuma duk tamfol ko buhun da aka taɓa zuba wa taki ko maganin feshi, to ya haramta ga wannan aiki ko da an wanke shi.

Akwai saɓani tsakanin manoma kan rana da inuwa, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Jan launin zoɓo ba ya jure zafi mai tsanani da hasken rana na tsawon lokaci, shi ya sa wanda aka busar a inuwa ya fi kyan gani. Amma inuwa tana jan kwanaki, kuma a watan Oktoba da farkon Nuwamba, lokacin da iska take da sauran laima kuma raɓa take sauka da yawa, jan kwanaki yana buɗe ƙofar fumfuna. A ganina hanyar tsakiya ita ce mafita: a ba shi rana sosai a kwana biyun farko domin mafi yawan ruwan ya fita da sauri, daga nan a riƙa yi masa rumfar zana marar kauri daga azahar zuwa la'asar, ko a mayar da shi inuwa mai iska ya ƙarasa. Idan hunturu ya kankama a watan Disamba, iskar kanta ta isa, kuma ana iya yin shanyar duka a ƙarƙashin rumfa.

Kwanakin shanya

A baza zoɓon ya yi faɗi, kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu a ranar farko. Gado mai tsawon mita 5 da faɗin mita 1 bai kamata a ɗora masa fiye da kimanin kilo 20 na ɗanyen zoɓo ba. Zuciya takan so a ƙara, musamman idan kaya sun yi yawa wuri ya yi kaɗan, amma sauri ya kan haifi nawa, domin shanya mai kauri samanta ne kawai yake bushewa, ƙasanta kuma yana gumi yana yin baƙi. Gara a rage cira a gona a jira gado ya samu sarari.

Ɗanyen zoɓo kusan duk ruwa ne. Daga kilo 8 zuwa 10 na ɗanye ake samun kilo 1 na busasshe, saboda haka manomin da ya ɓare kilo 100 ya sa ran kilo 10 zuwa 12 ne zai shiga buhu. Sanin wannan lissafi yana da amfani ta fuska biyu: yana hana mutum tsorata idan ya ga tulin ya zube, yana kuma ba shi ma'auni, domin idan ya auna ya ga nauyin ya fi haka da yawa, to akwai sauran ruwa a ciki ko da saman ya yi kama da busasshe.

A ranar farko da ta biyu a juya shi sau uku ko huɗu, da hannu mai tsafta ko da ɗan katako mai santsi, ana ɗago na ƙasa zuwa sama, ana raba waɗanda suka manne da juna. A lokacin juyawar ne ake tsince ganye da guntun kara da duk wanda ya nuna alamar ruɓa. Daga rana ta uku zai yanƙwane ya rage girma, a nan ana iya haɗa na gado biyu a kan ɗaya domin a samar wa sabon ɓari wuri, amma kada a taɓa zuba ɗanye a kan wanda ya yi nisa da bushewa. Kowace cira ta tafi da ranarta. Daga nan juyawa sau biyu a yini ta wadatar, kuma a riƙa yi a hankali saboda ya fara karyewa.

Dare shi ne abin da ake yawan mantawa da shi. Zoɓon da ya fara bushewa yana jan laima daga iska, raɓar dare ɗaya tana iya mayar da aikin yini guda baya, kuma jiƙewa da bushewa da sake jiƙewa su ne suke kashe launi su bar shi ya koma ruwan ƙasa. Kafin magariba a tattara shi da tabarmarsa a shigar da shi zaure ko rumfa, a bar shi a buɗe ba a tule ba. Idan kayan sun yi yawa ba za su ɗauku ba, a gitta sanduna a saman gadon a yafa tamfol a kansu yadda ba zai taɓa zoɓon ba, a bar gefuna a buɗe domin iska. Da safe kada a yi gaggawar fitarwa sai rana ta ɗaga raɓa ta kau. Idan kuma hadarin ƙarshen damina ya taso, kwashe shanya ya gabaci kowane aiki.

Idan yanayi ya yi kyau kuma shanyar ba ta yi kauri ba, kwana huɗu zuwa bakwai sukan isa. A inuwa ko a lokacin da hazo ya rufe rana yakan kai kwana goma. Kada a dogara da ƙirgen kwanaki, zoɓon ne zai nuna da kansa.

Gane bushewa da kwantar da shi

Masu fitar da zoɓo waje suna neman wanda danshinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba, kuma suna da na'urar awo. Manomi ba shi da ita, amma yana da hannu da kunne da hanci. A ɗebi cikin tafi a matse: busasshe yana ƙara, kuma idan aka buɗe hannu yana warwatsewa, ba ya dunƙulewa. Sannan a zaɓi manya a karya su ta gindi, inda ɓawon ya fi kauri, domin nan ne ruwa yake ɓuya. Idan gindin ya lanƙwashe maimakon ya karye, da saura. Gwaji na uku shi ne a cika kwalba busasshiya da zoɓon zuwa rabi, a rufe ta sosai, a ajiye a rana na awa ɗaya ko biyu. Idan gumi ya bayyana a jikin kwalbar daga ciki, a mayar da kayan kan gado. A cikin waɗannan gwaje-gwaje, na hannun da safe ya fi kyau a yi su, domin da tsakar rana kusan kowane zoɓo yana ƙara ko bai gama ba.

Daga nan sai matakin da mafi yawan manoma suke tsallakewa, wanda kuma shi ne ya fi raba kaya masu daɗewa da masu lalacewa a sito. Ko da gwaji ya nuna an gama, ba duka zoɓon ne ya bushe daidai ba. Siraran bakunan sun bushe fiye da kima, masu kaurin gindi kuma suna da ɗan sauran danshi a can ciki. Idan aka ɗinke buhu a haka, danshin zai taru a tsakiyar buhun, wurin ya ɗumama, bayan makonni a buɗe a tarar da fumfuna a inda ido bai kai ba. Maganin wannan shi ne a kwantar da zoɓon na wasu kwanaki kafin ɗinki.

Ga yadda ake yi. Da farko a kwashe shi daga rana a baza a inuwa har ya huce sarai, domin ba a zuba zoɓo mai zafi a mazubi. Sai a zuba shi sakwa-sakwa a manyan kwanduna ko buhunan saƙa, ba tare da dannawa ba, a bar bakin a buɗe ko a yafa masa ƙyalle mai tsafta, a ajiye a ɗaki mai iska wanda rana ba ta shiga, a kan katako ba a ƙasa ba. A cikin kwana uku zuwa mako ɗaya danshin da yake gindin zai ratsa zuwa sauran, sai bushewar ta daidaita. Kullum da safe a zura hannu har tsakiyar mazubin a ji. Idan an ji sanyi da bushewa, kuma ƙamshin tsamin zoɓo ne yake tashi, al'amari yana tafiya daidai, sai a ɗan girgiza shi na ƙasa ya dawo sama. Idan kuwa an ji ɗumi, ko laushi, ko wani wari irin na ɗakin da ya daɗe a rufe, to a fitar da shi nan take a sake bazawa na yini ɗaya, sannan a sake kwantarwa. Ba aibi ba ne a maimaita haka sau biyu.

Wannan mataki yana da wata fa'ida ta daban. Zoɓon da aka ɗauko kai tsaye daga zafin rana yana da saurin karyewa, ko zuba shi a buhu aka yi sai ya farfashe. Wanda aka kwantar kuwa yakan ɗan saki jiki, ya jure ɗauka da saukewa, kuma cikakken zoɓo ya fi gutsattsari daraja a wurin mai saye.

Idan an ga fari-fari ko kore-kore ko baƙin ƙura-ƙura a jikin wani sashe, wannan fumfuna ce, kuma sake shanyawa ba ya gyara ta. Rana tana iya busar da ita ta ɓace wa ido, amma akwai nau'o'in fumfuna da suke barin guba a cikin abinci wadda tafasawa ba ta kashewa. A ware sashen da abin ya shafa tare da na kewayensa a zubar, kada a cakuɗa shi cikin mai kyau, kada kuma a ce za a bar wa yara su jiƙa.

Tankaɗe da zubawa a buhu

Bayan kwantarwa sai gyara na ƙarshe. A yi amfani da rariya mai manyan ƙofofi a girgiza a hankali domin yashi da gari su zube, sannan a baza a kan faifai ko tabarma a tsince tsakuwa da kara da iri da zaren buhu. Gutsattsarin da suka fita a tankaɗe ba asara ba ne, a sake tace su daga yashi a zuba a buhunsu daban, masu dafa zoɓon sha suna saye. Wannan aiki da sassafe ya fi kyau, a cikin rumfa, lokacin da kayan ba su da saurin karyewa.

A zuba a sababbin buhunan saƙa, ana girgiza buhun domin ya zauna, ba ana taka shi da ƙafa ko ana kirɓa shi da taɓarya ba. Zoɓo ba shi da nauyi, kuma duk ƙoƙarin cusa abin da ya fi ƙarfin buhu gari yake mayar da shi. Sai a ɗinke, a rubuta ranar a jiki da irin zoɓon da yake ciki. Game da masu yayyafa ruwa ko zuba yashi domin sikeli ya ƙara nauyi, wannan algus ne da addini ya hana, kuma cutarwarsa ba ta tsayawa ga mai saye, domin idan aka san wani yanki da wannan hali, duk manoman yankin ne ake karya wa farashi, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Ajiya da ƙwari

Ɗakin ajiya ya kasance busasshe, mai duhu, marar yoyo. A share shi, a toshe tsagar bango da ramukan ɓera, a jera katako ko manyan sanduna a ɗora buhunan a kai, a bar tazarar da mutum zai iya bi tsakaninsu da bango. Kada a ajiye fetur ko kananzir ko taki ko albasa a ɗakin, kuma kada a ɗora buhunan hatsi masu nauyi a kan na zoɓo.

Batun tsofaffin buhuna ba ƙarami ba ne. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaron sito da ake kira kafra, mai son wuri mai zafi da bushewa, wanda tsutsarsa take ɓuya a ɗinkin buhu da tsagar bango kuma tana iya daɗewa ƙwarai ba ta ci komai ba. Ƙasashe da yawa ba su yarda ko ɗaya ya shiga iyakarsu ba, kuma saboda shi ne Meziko ta taɓa dakatar da sayen zoɓon Najeriya na wasu shekaru, abin da manoman Jigawa suka ji a jikinsu. Buhun da ya taɓa ɗaukar hatsi ko gyaɗa ko riɗi yana iya zuwa da wannan ƙwaro, don haka kuɗin sabon buhu ba ɓarna ba ne. Turara kayan da za a fitar waje da magani aikin masu fitarwa ne a ƙarƙashin kulawar NAQS, hukumar da take duba lafiyar amfanin gonar da ake shigowa da shi ko fitarwa, ba aikin manomi a gida ba.

Kada a fesa wa zoɓo maganin ƙwari ko a barbaɗa masa, kowane iri ne. Zoɓo ba ɓare shi ake yi kafin a sha ba, yadda yake haka ake jefa shi a ruwa, saboda haka duk abin da aka zuba masa cikin mutane zai tafi. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma babu abin da zai hana irin haka faɗa wa zoɓo idan aka bi wannan hanya. Ƙwayar fostoksin da wasu suke jefawa cikin buhunan hatsi kuwa iska mai kisa take fitarwa idan ta haɗu da laima, kuma ta hallaka mutane a ɗakunan da aka ajiye kaya ake kuma kwana a ciki. Wanda yake son ya riƙe zoɓonsa na watanni ba tare da magani ba, ya nemi buhun PICS da ake adana wake da shi, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda yake hana iska shiga har ƙwarin su mutu. Sharaɗinsa shi ne zoɓon ya bushe sarai kuma an kwantar da shi, sannan a zuba a hankali kada tsinin busasshen ɓawo ya huda ledar, a ɗaure kowace leda daban. Malaman gona na hukumomin bunƙasa noma, wato JARDA a Jigawa da KNARDA a Kano, sun san yadda ake ɗaurin.

A riƙa duba buhunan saƙa duk bayan mako biyu. A lokacin hunturu da bazara haɗarin laima kaɗan ne, amma da zarar iskar damina ta fara kaɗawa a watan Mayu zuwa Yuni, zoɓon da yake buhun saƙa zai fara jan danshi ya yi laushi. Farashi yakan faɗi a lokacin kaka saboda kowa ya kawo nasa, ya kuma ɗaga daga baya, amma launi yana raguwa da daɗewa ko da ajiyar ta yi kyau, don haka wanda ba shi da buhu mai leda ya yi ƙoƙari ya sayar kafin ruwa ya sauka.

Ƙwallayen irin da aka ware lokacin ɓari kuma a shanya su daban a rana mai ƙarfi, su ba su tsoron zafi. Idan sun bushe za su tsage da kansu, sai a bubbuga su da sanda a sheƙe a fitar da gurguzu, wanda mata suke yin daddawar batso da shi, ana kuma ba dabbobi. Irin shuka na baɗi kuwa kada a ɗebo shi daga ƙwallayen da aka ciro da wuri, domin bai ƙosa ba. A zaɓi wasu shuke-shuke masu ƙarfi da jan zoɓo mai kauri tun a gona, a ɗaura musu ƙyalle domin masu cira su tsallake su, a bar su har ƙwallayen su bushe a kan kara, sannan a girbe su daban a adana irin a tulu ko kwalba mai murfi a wuri mai sanyi.